DALLA-DALLA: Abin da ke sa katin hoton kwamfuta ɗaukewa bayan an ɗora masa farantin ruwa, da wanda ke ɗaukar asarar

A ranar 12 ga Oktoba, 2022, kamfanin Nvidia na Amurka ya fara sayar da katin sarrafa hoto samfurin RTX 4090 a kan Dala 1,599. A canjin Naira 1,500 kan kowace Dala, wanda aka gani a 2024 da 2025, kuɗin ya kusa Naira miliyan 2.4, wato albashin wata 34 na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000. Wanda ya gaje shi, RTX 5090, ya fito a Janairun 2025 a kan Dala 1,999.

Duk da wannan tsada, akwai masu sayen irin waɗannan katuna su kwance su da hannunsu, su cire fankokin da kamfani ya ɗora, su maye gurbinsu da farantin ƙarfe wanda ruwa ke bi ta cikinsa. Masu tace bidiyo, masu zanen gine-gine, masu wasannin kwamfuta da masu horar da ƙirƙirarriyar basira ne suka fi yin haka. Wani lokaci kuma, bayan an gama ɗaure komai an danna makunni, sai sikirin ya tsaya baƙi ƙirin.

A irin wannan hali zargin farko kan faɗa kan ruwa, zargi na biyu kuma shi ne katin ya mutu. Sau da yawa duka biyun ba haka ba ne. Matsalar takan fito daga tazarar da ba ta kai milimita ɗaya ba, ko noti guda da ya fi ramin da aka yi masa tsawo, ko filogin da bai gama shiga ba. Gane wanne ne daga ciki shi ke raba aikin awa biyu da asarar miliyoyi, kuma shi ke tantance ko kamfani zai biya ko mai kaya ne zai rungumi ƙaddara.

Dalilin kai ruwa kusa da wuta

Katin RTX 4090 na jan wuta har wat 450, kusan rabin abin da dutsen guga ke ci, RTX 5090 kuma wat 575. Kusan duk wannan wutar zafi take komawa. Mafi yawan zafin na fitowa ne daga ƙwaƙwalwar katin, wadda ake kira GPU, wani ɗan fallen silikon da faɗinsa a RTX 4090 ya ɗan haura murabba'in milimita 600, wato abin da bai fi kan sarki na wasiƙa ba, amma yana ɗauke da taransisto sama da biliyan 76.

Ruwa ya fi iska iya ɗaukar zafi nesa ba kusa ba. Lita ɗaya ta ruwa na iya shanye zafin da sai an tara iska fiye da lita 3,000 kafin ta shanye irinsa. Saboda haka ake ɗora faranti na jan ƙarfe a kan ƙwaƙwalwar, famfo ya turo ruwa ta cikin siraran hanyoyin da aka sassaƙa a jikinsa, ruwan ya kwashi zafin ya kai shi lagireto, fankoki su hure shi, ya dawo. Tsarin daidai yake da na injin mota. Shi ne kuma tsarin da manyan cibiyoyin adana bayanai suka koma kansa: rukunin na'urorin GB200 NVL72 na Nvidia, mai cin wuta kusan kilowat 120, da ruwa ake sanyaya shi.

Abin da ke ƙarƙashin murfi

Ƙwaƙwalwar babbar kwamfuta tana zuwa da murfin ƙarfe da ke kare ta. Ta katin hoto tsirara take da zarar an ɗaga na'urar sanyayawar kamfani, kuma tana iya guntulewa a kusurwa kamar gilashi. A kewayenta akwai ƙananan kafasito da ba su kai ƙwayar gero ba, sai gutsattsarin ma'adanar bayanai, wato memori, sai kuma sashen da ke rage ƙarfin wuta daga bolt 12 zuwa kusan bolt 1 da ƙwaƙwalwar ke buƙata.

Waɗannan sassa ba tsawonsu ɗaya ba, alhali faranti guda ne zai taɓa su duka a lokaci ɗaya. A kan ƙwaƙwalwar ana shafa man isar da zafi, siriri ƙwarai. A kan memori da sashen wuta ana shimfiɗa fallayen roba mai laushi, masu kauri daban-daban: rabin milimita, milimita 1, 1.5 ko 2. Idan aka sa falle mai milimita 1.5 a wurin da aka tsara wa mai milimita 1, fallen zai ɗaga farantin, ya hana shi zama a kan ƙwaƙwalwar. Idan aka sa wanda bai kai ba, memori zai zauna babu abin da ke kwashe masa zafi. Ɗan hakin da aka raina ke nan.

Akwai kuma batun samfuri. Asus, MSI, Gigabyte da Zotac duk suna sayar da kati mai suna ɗaya, amma kowanne da yadda ya shimfiɗa allonsa. Farantin da aka ƙera domin RTX 4090 na wani kamfani ba lallai ya hau na wani ba, kuma kamfani ɗaya kan sauya tsarin allo a tsakiyar shekara ba tare da sauya sunan da ke jikin kwali ba. Kafasito guda da ya fi sauran tsawo ya isa ya tokare faranti.

Alama ta farko: kwamfuta ta ƙi tashi gaba ɗaya

Idan aka danna makunni, fankoki suka motsa na ƙiftawar ido sannan komai ya mutu, to akwatin raba wuta ne ya ga layukan wuta sun haɗe, ya yanke domin kare kayan. Ci gaba da danna makunni a nan shi ke mayar da ƙaramar matsala babba. Abin yi shi ne a zare filogi daga bango, a cire katin, a gwada tada kwamfutar babu shi. Idan ta tashi, laifin yana jikin katin ko farantin.

Abubuwan da aka fi samu a nan huɗu ne: noti mai tsawo da ya huda ya taɓa layin wuta, ɗan zoben roba da aka manta ba a sa ƙarƙashin noti ba, murfin bayan kati na ƙarfe da ke gugar ƙafafun dalma, da man isar da zafi mai ɗaukar lantarki da ya malala. Na ƙarshen ya fi faruwa da nau'in da ake kira ruwan ƙarfe, wanda aka haɗa da sinadarin galiyom. Yana isar da zafi sosai, amma ɗigo ɗaya a kan kafasito ya isa ya haɗe wuta, kuma yana cin alminiyam.

Wanda ke ganin noti guda bai isa ya yi ɓarna ba, sai ya tuna abin da ya faru da akwatin kwamfuta samfurin H1 na kamfanin NZXT. A Fabrairun 2021 hukumar kula da ingancin kayan masarufi ta Amurka ta sanar da janye shi daga kasuwa, saboda notin da ke riƙe da wayar haɗa katin hoto na iya taɓa layin wuta har ya ta da gobara.

Alama ta biyu: komai na aiki, hoto ne babu

A nan famfo na juyawa, fitilu na ci, amma sikirin bai nuna komai ba. Yawancin manyan allunan kwamfuta na zamani, waɗanda masu gyara ke kira madabod, suna da ƙananan fitilu huɗu masu alamar CPU, DRAM, VGA da BOOT. Idan ta VGA ce ta tsaya a kunne, kwamfutar na cewa ba ta ga katin ba.

Ƙa'idar bincike ita ce a fara da abin da ya fi sauƙi, kuma a riƙa sauya abu ɗaya tak a kowane gwaji. Wanda ya sauya abu uku lokaci guda, ko da hoto ya dawo, bai san abin da ya gyara ba.

Da farko a duba inda wayar sikirin ta shiga, domin bayan doguwar haɗa kaya ba abin mamaki ba ne a soka ta a bakin madabod maimakon bakin katin. Na biyu, a tabbatar katin ya zauna a raminsa har ƙugiyar ta kama. Wasu farantan sun haura kilo ɗaya, kuma bututu mai tauri da aka yanka ya gaza ko ya zarce kan ja katin gefe ya ɗaga ƙarshensa daga ramin.

Na uku shi ne filogin wuta. Katunan Nvidia na baya-bayan nan suna amfani da filogi mai ƙafa 16 da aka tsara wa ɗaukar wat 600. Makonni kaɗan da fitowar RTX 4090 aka fara samun rahoton narkewarsa, kuma a Nuwambar 2022 Nvidia ya ce ya san da kusan guda 50 a duniya, ya ɗora laifin a kan rashin tura filogin har ƙarshe. A 2023 aka sake fasalinsa, aka gajarta ƙananan ƙafafun da ke shaida wa kati cewa an jona shi, ta yadda idan filogin bai shiga sosai ba katin zai ƙi jan wuta. Ma'ana, a sabbin katuna baƙin sikirin na iya zama kariya ce ke aiki. Gefen faranti ko murfin baya kan tokare filogin ya hana shi ƙarasawa.

Na huɗu, masu son a ga ruwa na gudana kan tsayar da katin a tsaye ta amfani da wayar tsawaitawa. Idan wayar ta ƙarni na 3 ce na tsarin PCIe, katin da madabod kuma na ƙarni na 4 ko na 5, za su yi ƙoƙarin magana da saurin da wayar ba za ta iya ɗauka ba, hoto ya ɓace. Maganin shi ne a soka katin kai tsaye, a shiga BIOS a saukar da saurin ramin, ko a sayi wayar da ta dace.

Idan duk waɗannan ba su kawo hoto ba, sai a koma kan noti. Ɗaurin da ya wuce kima yana lanƙwasa allon katin, ya ɗaga wasu daga dubban ƙwallayen dalma da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa da memori. Akan sassauta noti huɗun da ke kewaye da ƙwaƙwalwar da kwatar juyi, a sake gwadawa. Daidai ɗaurin shi ne a bi su a gicciye, daga kusurwa zuwa kishiyarta, kaɗan-kaɗan, a tsaya da zarar notin ya tsaya.

Alama ta uku: hoto ya zo, amma ba ya jure aiki

Wannan ita ce mafi yaudara. Kwamfuta ta tashi lafiya, amma da an fara tace bidiyo ko wasa sai ta daskare, ko sikirin ya cika da ɗigo-ɗigo da zane-zane, ko ta mutu. A nan ma'auni ke magana. Manhajoji biyu na kyauta, GPU-Z da HWiNFO, suna nuna zafin ƙwaƙwalwa, zafin wurin da ya fi ko'ina zafi a jikinta, da zafin memori.

Tsakanin biyun farko, tazarar digiri 10 zuwa 15 abu ne da aka saba gani. Idan ta haura 20 ta doshi 30, farantin ya karkace ko man bai rufe wata kusurwa ba. A jerin RTX 50, Nvidia ya daina bai wa irin waɗannan manhajoji ma'aunin wurin da ya fi zafi, don haka masu waɗannan katuna sun rasa hanya mafi sauƙi ta gano karkatar faranti. Abin da ya rage musu shi ne duba sawu: a ɗaga farantin a kalli yadda man ya bazu. Idan ya bazu siriri ko'ina, zama ya yi. Idan ya taru da kauri a gefe ɗaya, wani abu na tokare shi. Haka ma fallaye, kowanne ya kamata ya nuna sawun abin da ya danne shi. Kuma kowane falle yana zuwa da siririyar leda a fuskokinsa biyu, wadda mantuwa da ita ke hana zafi wucewa.

Zafin memori labari ne na daban. RTX 3090 na 2020 yana da gutsattsarin memori 24, rabinsu a bayan allo, inda farantin gaba ba ya kaiwa. Memorin kan kai digiri 110, katin ya rage gudu domin ceton kansa, alhali ƙwaƙwalwar na zaune a sanyi. Wannan ne ya sa aka fara ƙera murfin baya mai nasa hanyar ruwa.

Idan kuma zafi na hawa da sauri cikin daƙiƙoƙi, lagireto kuma na nan da sanyinsa, ruwa ne ba ya gudana. Ko famfo bai samu wuta ba, ko iska ta maƙale a faranti, ko tiyo ya lanƙwashe. Ƙarar ɓulɓul alamar iska ce, kuma karkata akwatin a hankali yayin da famfo ke aiki yana kore ta zuwa tanki.

Gwajin da ke raba gardama

Bayan an bi duk waɗannan, akwai gwaji guda da ke yanke hukunci: a mayar wa katin na'urar sanyayawarsa ta asali, da sabon mai da fallaye masu kaurin asali, a gwada shi a wata kwamfutar idan da hali. Idan ya yi aiki, katin lafiyarsa ƙalau, laifin na faranti ne ko na ɗorawa. Idan har yanzu babu hoto, ko Windows na nuna lambar kuskure ta 43 bayan an goge manhajar direba an sake sa ta, to wani abu ya lalace a jikin allon.

Ko a nan ba a gama ba. Kafasiton da sukurudireba ya ture, ko fis ɗin da ya ƙone, abu ne da mai gyara da ke da madubin ƙara girma da mita zai iya maye gurbinsa, irin aikin da masu gyaran waya ke yi kullum a kasuwar Farm Centre ta Kano ko Computer Village ta Ikeja. Ƙwaƙwalwar da ta tsage ce ba ta da magani.

Idan ruwa ne ya zuba, a kashe wuta daga bango nan take, a wanke wurin da sifirit na isopropyl mai tsafta, a bar shi ya bushe kwana ɗaya zuwa biyu. Tataccen ruwa ba ya ɗaukar lantarki sosai a ranar da aka zuba shi, amma yana kwasar sinadaran ƙarfe daga faranti da lagireto, cikin ɗan lokaci ya zama mai ɗauka. Shi ya sa ake gwada yoyo tun kafin a jona wa katin wuta, ta hanyar hura iska a bututun a kalli ko ma'auni zai sauka, ko a kunna famfo shi kaɗai na tsawon sa'o'i. Haɗa jan ƙarfe da alminiyam a zagaye ɗaya kuma yana sa alminiyam ɗin ya riƙa zagwanyewa har ya toshe hanyoyin ruwa.

Lissafin da ke sauyawa a ƙasar zafi

Lagireto ba ya sanyaya ruwa ƙasa da zafin ɗakin da yake ciki. Alkaluman da ake gani a bidiyon masu gwajin kaya na Turai da Amurka an ɗauke su ne a ɗakuna masu digiri 21 zuwa 23. A Kano, Sakkwato ko Yamai, inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, ɗakin da babu na'urar sanyaya iska zai iya tura ruwan ya doshi digiri 50. Famfunan D5 da DDC, waɗanda aka fi amfani da su, iyakarsu digiri 60 ce, kuma bututun roba nau'in PETG yana fara laushi tun kafin nan, ya zame daga mahaɗinsa. Ƙurar hunturu na toshe lagireto cikin makonni, ruwan rijiya ko na famfo kuma yana barin gishiri da gansakuka a cikin faranti. Mai bincike a nan dole ya rage zafin ɗaki daga abin da manhaja ta nuna kafin ya yanke cewa faranti ne ya karkace.

Wa zai biya?

Kamfanoni da yawa suna manna ɗan tambari a kan ɗaya daga cikin notin katin, mai cewa garanti ya ɓaci idan aka yaga shi. A Amurka wannan ya saɓa wa dokar garanti ta Magnuson-Moss ta 1975. A Afrilun 2018 hukumar cinikayya ta FTC ta aika wa kamfanoni shida takardar gargaɗi a kan haka, ciki har da Asus, Sony, Microsoft da Nintendo. A Yulin 2024 ta sake aika wa ASRock, Gigabyte da Zotac. Abin da dokar ke nufi shi ne buɗe kaya kaɗai bai isa dalilin ƙin gyara ba. Sai dai ba ta tilasta wa kamfani biyan ɓarnar da mai kaya ya yi da hannunsa. Kamfanin EVGA, wanda ya yi suna wajen karɓar katin da aka taɓa ɗora wa faranti muddin an mayar da shi yadda yake, ya fice daga sana'ar katin hoto a Satumbar 2022.

Tarayyar Turai ta amince da dokar 'yancin gyara a 2024, amma jerin kayan da ta ambata ya fi karkata ga injin wanki, firiji da wayoyin hannu. A Najeriya akwai dokar gasa da kare haƙƙin masu sayen kaya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC. Matsalar ita ce kaso mai yawa na katunan da ke shigowa na hannu ne, ko wani ne ya sayo a Dubai, China ko Amurka, kuma garantin yana ƙasar da aka saya. Tun da Ethereum ta daina amfani da katunan hoto wajen haƙar kuɗin intanet a ranar 15 ga Satumba, 2022, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka kwararo kasuwar kayan hannu. Irin wannan kati na iya zuwa da memorin da ya gaji, ya mutu a makon da aka ɗora masa faranti, laifi ya faɗa kan ruwa.

Saboda haka hujja ita ce kariyar mai kaya, kuma kafin a kwance noti na farko ake tara ta. A yi aiki da katin mako ɗaya ko biyu da fankokinsa na asali, a adana hoton ma'aunin zafinsa da lambar da ke jikinsa, a ɗauki hoton allon gaba da baya da zarar an buɗe, a auna kaurin tsofaffin fallaye, a ajiye kowane noti da na'urar asali a kwalinta. Da waɗannan ne za a iya nuna wa ɗan kasuwa ko kamfani cewa kafasiton da ya ɓata tun farko babu shi, ko kuma mai kayan ya san cewa asarar tasa ce.

Batun bai tsaya a aljihun mutum ɗaya ba. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna cewa duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki a 2022, kuma kashi 22.3 cikin 100 kaɗai aka tabbatar an tattara an sake sarrafawa yadda ya dace. Kowane katin da aka yanke wa hukuncin mutuwa saboda falle ya fi kauri da rabin milimita yana ƙaruwa ne a kan wannan tsibi, alhali fallen da zai tashe shi bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗinsa ba.